Direban da Ya Ƙi Wuce Talatin

Ranar da ma'aikatan birni suka kwance allunan gudun kilomita hamsin daga dogon titin da ya taso daga babbar kasuwa, ya ratsa ta gaban makarantu biyu, ya dire a ƙofar asibiti, suka kafa na talatin a madadinsu, direbobin kamfanin bas dariya suka yi. A ɗakin hutunsu da ke bayan tasha, inda babu komai sai benci uku, butar shayi da wata fanka mai kukan tsohuwar ƙofa, wani direba da ake kira Dogo ya rantse ko keke ya fi talatin in ya samu gangara.

"Gwajin wata shida ne," in ji wani. "Kafin nan sun gaji sun mayar."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, direban bas mai lamba tara, dattijo mai furfura a gemu wanda ya shekara ashirin da shida yana murza sitiyari a kamfanin. Yana tsaye gaban jadawalin da ke manne a bango, ya sa tabarau, yana bin layinsa da yatsa. Minti ashirin da biyu daga kasuwa zuwa asibiti. Haka yake jiya, haka yake yau.

Da Manaja ya leƙo, sai dattijon ya tare shi. Manajan matashi ne, bai fi shekara uku da zuwa ba, kullum da waya biyu a hannu.

"Yallaɓai, an canja allon titi, ba a canja na bango ba."

"Jadawali yana nan yadda yake, Dattijo."

"To wanne za mu bi? Taura biyu ba ta taunuwa."

"Ni ban ce kowa ya karya doka ba. Ku shaida, ban faɗa ba. Na dai ce mota ta iso a kan lokaci."

"Wato in yi wanka, amma kada in jiƙe."

Ɗakin ya ɗauki shewa. Manaja ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya fita.

Washegari dattijon ya hau titi, ya ɗora allurar agogon gudu a kan talatin, ya bar ta nan kamar an kafe ta da ƙusa. Kafin ya wuce makaranta ta farko motoci sun yi jerin gwano a bayansa, hon na tashi ta ko'ina. Masu babur suna wuce shi suna watsa masa yatsu. Cikin motar ma bai tsira ba.

"Direba, gawa ka ɗauko ne?" wani mai jakar ofis ya ɗaga murya daga baya.

"A'a, ranka ya daɗe. Gudun kada in ɗauko ta nake yi."

Wata mata ta ce goyon da ke bayanta zai yaye kansa kafin su isa. Wani tsoho ya nemi a sauke shi, wai yana sauri, gara ya taka. Dattijon ya buɗe masa ƙofa, ya yi masa fatan sauka lafiya. A daidai wani gidan mai, Dogo ya zo ya wuce shi da tasa motar, ya zuro kai ta taga.

"Hawainiya! A gaida mutanen asibiti in an isa baɗi!"

Sunan ya bi shi tun daga ranar. Masu sayar da tikiti, makanikai, har masu gadi, kowa Hawainiya. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu. In aka kira, sai ya amsa da "Na'am, gani nan tafe, a yi haƙuri."

Abin da bai zo da wasa ba shi ne takarda. Kullum yana isa asibiti a minti talatin da ɗaya, kullum mai rubuta lokaci yana jan layi a ƙarƙashin lambarsa. A sati na uku aka miƙa masa takardar gargaɗi ta farko. A wata na biyu aka miƙa masa ta biyu. Duk wanda ke kamfanin ya san ta uku ita ce sallama.

Da yammacin ranar ya ajiye takardar a kan teburin falo. Matarsa tana gugar rigar aikinsa a gefe, 'yarsu kuma, wadda take aikin jinya a ɓangaren gaggawa na asibitin da titin ya dire, ta dawo ke nan, ta cire takalma ta miƙe ƙafa a kujera. Matar ta karanta, ta kife dutsen guga.

"Malam, saura shekara nawa ka ajiye aikin nan da mutuncinka? Kowa yana taka arba'in, arba'in da biyar, ba a kama shi ba. Kai kaɗai aka aiko ka gyara duniya?"

"Ni ba duniya nake gyarawa ba. Ƙafata nake gyarawa."

Ta san inda maganar ta dosa. Shekara goma sha takwas da suka wuce, a wani titi na cikin gari, da rana tsaka, wani mai gyaran takalma ya fito daga tsakanin motoci biyu da akwatinsa a kafaɗa. Allurar tana kan hamsin daidai, gudun da doka ta yarda da shi. Mutumin bai kai asibiti ba. Kotu ta duba, ta ce direba ba shi da laifi, kamfani ya ba shi hutun sati biyu, magana ta mutu a wurin kowa ban da shi. Matarsa ce ta ga yadda ya yi wata uku abinci ba ya wuce masa maƙogwaro. Tsofaffin direbobi sun san labarin, amma ba mai tayar da shi, sababbin zuwa kuwa ba su taɓa ji ba.

Ya juya wajen 'yar. "Uwata, ke da kike can, me kike gani? Dokar nan tana aiki ko wahalar banza nake sha?"

Ta ɗan yi tunani. Ba ta da halin faɗin abin da ba ta tabbatar ba, ko don ta faranta wa mahaifinta.

"Baba, wata biyu bai isa a yanke hukunci ba. Kuma ana kawo su har yanzu, kada in yi maka ƙarya. Amma da, in aka ce daga dogon titi ne, sai ka ji shiru, sai ƙarar tayar gado kawai. Yanzu yawanci tun daga ƙofa kake jin su suna zagin direba."

"Zagi kuma?"

"Mu a wurinmu ai zagi albishir ne. Mai zagi yana numfashi."

Ya yi dariya har da tari. Matar ta ɗauki dutsen gugarta tana ƙunƙuni, wai uba da 'ya duk kanwar ja ce.

A wata na huɗu abin ya faru. Ranar Talata ce, bayan an tashi daga makaranta, titin cike da mutane. Wata babbar motar kaya ta tsaya a gefen dama gaban shagon katifu, ta toshe gani. Hawainiya yana kan ashirin da takwas. Sai ga mace ta fito daga gaban motar kayan, rungume da bandir ɗin yadi biyu da suka kare mata fuska, ta shigo titi kai tsaye.

Ya danna birki da duk ƙarfinsa. Fasinjoji suka zube gaba, wani abu ya fashe a baya, tayoyi suka yi ƙara. Motar ta ja, ta ja, ta kusa tsayawa, sannan ya ji wannan sautin da ya shekara goma sha takwas yana roƙon Allah kada ya sake jin sa. Yadin ya watse a titi, shuɗi da ruwan ɗorawa.

Bai san yadda ya sauka ba. Bakinsa dai yana ta salati. Ya zagayo gaban motar ya tarar da ita a ƙasa, kwance ta gefe ɗaya. Ya durƙusa.

"Baiwar Allah. Baiwar Allah!"

Ta buɗe ido. Ta yunƙura ta zauna, ta riƙe hannun hagu da na dama, ta dube shi, ta dubi yadin da ke cikin ƙura.

"Kai makaho ne? Ƙaton banza, da gemunka! Ka san na wane ne yadin nan? Wayyo hannuna! Allah ya isa!"

Hawainiya ya zauna daɓas a kan kwalta, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ƙara, baiwar Allah. Don Allah ƙara." Mutanen da suka taru suka ɗauka kansa ne ya taɓu.

Mai ɗinki ce, shagonta yana layin bayan makaranta. Hannu ya karye a wuri ɗaya, goshi ya sha ɗinki huɗu, aka sallame ta washegari. 'Yan sanda suka auna, suka ji shaidu, suka ce ba laifin direba. Shi kuwa da safe, kafin ya karɓi mota, ya koma wurin da ƙafa. Ya tsaya inda yake lokacin da ya fara hango yadin, ya taka zuwa inda ta faɗi, yana ƙirgawa. Taku goma sha bakwai. Ya sake takawa don ya tabbatar.

Ana saura sati biyu gwajin ya cika, Manaja ya kira shi ofis. Yau har da ba shi kujera, har da ruwan sanyi.

"Dattijo, majalisar birni za ta zauna ranar Alhamis a kan dokar nan. Mu da 'yan tasi da masu motocin kaya mun shigar da ƙorafi a mayar da hamsin. Abin da nake so kaɗan ne. Duk garin nan an san ba wanda ya kai ka bin talatin, amma ga shi kai ma ka buge mutum. Ka zo ka faɗi haka da bakinka. Gaskiya ce ai, ko ba gaskiya ba?"

"Gaskiya ce."

"Shi ke nan. Kana faɗa, takardun nan biyu in yaga su a gabanka."

Hawainiya ya dubi ruwan, bai sha ba. "Zan zo, Yallaɓai. Kuma gaskiya zan faɗa."

Manaja ya miƙa masa hannu yana murmushi.

Zauren majalisar dogon ɗaki ne mai kujerun roba, da teburi a gaba inda mutum bakwai suka zauna, shugabarsu wata mata mai tabarau a tsakiya. Direbobi sun cika ɓangare guda, Dogo a cikinsu. Wakilin 'yan tasi ya yi magana a kan lokacin da ake ɓatawa. Wani mai shago ya ce kaya ba sa isowa da wuri. Wani jami'i ya karanta alƙaluman haɗurra, aka yi ta musu a kansu, wannan ya ce sun ragu, wancan ya ce wata shida ba ma'auni ba ne. Sannan Manaja ya tashi, ya gyara wuyan riga, ya ce ya zo da shaida mai rai: direban da bai taɓa wuce talatin ba, amma duk da haka ya kaɗe mace a titin.

Hawainiya ya fito cikin rigar aikinsa mai guga. Bai saba da abin magana ba, ya riƙe shi kamar zai faɗi.

"Ranki ya daɗe, abin da Yallaɓai ya faɗa haka ne. Na buge ta. Ina kan ashirin da takwas na buge ta."

Manaja ya gyaɗa kai, ya jingina.

"Amma ba ita ce ta farko ba. Mutum biyu na taɓa bugewa a rayuwata."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Na farko, shekara goma sha takwas ke nan. Ina kan hamsin, ban karya doka ba, kotu ma ta wanke ni. Mai gyaran takalma ne. Na sauka na durƙusa na kira shi, bai amsa ba, har yau bai amsa ba. Ta biyu na sauka na kira ta, ta ce mini ƙaton banza." Wasu suka fara dariya, suka haɗiye. "Ni ne dai direban. Ƙafar nan ce dai, ta ma tsufa. Dukansu biyu daga bayan mota suka fito ban gan su ba. Na koma na taka wurin, taku goma sha bakwai ne tsakanina da ita lokacin da na hango ta. Ga direbobi nan a zaune, a tambaye su. A hamsin, kafin ƙafa ta bar totur ta isa birki, taku goma sha bakwai ya ƙare ko bai ƙare ba?"

Ya juya ɓangaren direbobi, ya nuna mutum ɗaya.

"Dogo, da kai nake. Ya ƙare ko bai ƙare ba?"

Dogo ya gyara murya. "Ya ƙare, Yaya."

Manaja ya miƙe. "Ranki ya daɗe, ba wannan aka kira shi ya faɗa ba."

"Ka zauna," in ji shugabar. "Kai ka kawo shi. Ci gaba, Baba."

"Ni ban yi karatun lissafi ba, ban san abin da takardunku za su nuna ba. Talatin ba ta hana mutum fitowa daga bayan mota. Mutane za su fito, yara za su ruga, mai kaya zai rufe fuskarsa da kaya, haka Allah ya yi mu. Abin da na sani, talatin tana barin a yi maka Allah ya isa. Kuma in ana son a san dalilin da ya sa rabin motocin titin nan ba sa bin dokar, a je a duba bangon ɗakin hutunmu. Minti ashirin da biyu aka rubuta. Ni talatin da ɗaya nake yi, takardar gargaɗi biyu gare ni. Wanda ya iya yin ashirin da biyu a kan talatin, ga makulli, ya zo ya koya mini."

Ya ciro makullin daga aljihu ya ɗaga. Daga can baya wata murya ta tashi. Mai ɗinkin ce, hannunta da aka yi wa ɗori rataye a wuya. Bai ma san ta zo ba.

"A rubuta ni ma na yi magana! Ni ce matar. Ban yafe masa yadina ba, kuma sati shida ban taɓa keken ɗinki ba. Amma 'ya'yana uku, jiya ni na yi musu faɗa da bakina. Duk mai son hamsin ya zo ya tsaya inda na tsaya, a gwada a kansa!"

Sai da shugabar ta buga teburi sau uku kafin hayaniya ta lafa.

Majalisa ta ƙara wa dokar shekara guda, ta ce a ci gaba da ƙirga. Ta kuma rubuta wa kamfanin tana neman bayani a kan jadawali. Manaja bai iya ba da takarda ta uku ba, idon mutane ya yi yawa. Abin da ya yi, ranar Litinin Hawainiya ya tarar an ba wani motarsa, shi kuma an tura shi filin wanki da ke bayan gareji, wai don ya huta. Aka ba shi tiyo, dogon buroshi da takalman roba. Mai shekara ashirin da shida a kan sitiyari ya koma goge laka a tayoyin yaran da ya koya wa aiki.

Abin ya ci masa rai, ba a ɓoye ba. Satin farko ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Matarsa da ta fi kowa faɗa a kan taurin kansa, ita ce yanzu take cewa, "Wanki ai ba sata ba ne, Malam. Ka tafi abinka, kada ka sunkuyar da kai."

Can a titi kuwa wani abu ya soma. Dogo ne ya fara isowa a minti talatin, ya ce wa mai rubuta lokaci ya ja layin da kyau, kada biro ya ƙare. Bayan sati mutum huɗu suka bi shi, sannan tara. Takardun gargaɗi suka yi yawa har suka zama abin dariya, wani ma ya manna tasa a gilashin mota. Wata safiya aka wayi gari an canja jadawalin bango, ba sanarwa, ba taro. Minti talatin.

Da shekara ta cika, majalisa ta fitar da ƙirgarta: waɗanda suka mutu a dogon titin sun sauko daga bakwai zuwa biyu, masu munanan raunuka sun ragu da kusan rabi. Musu bai ƙare ba. Wasu suka ce sababbin fitilun tsallakawa ne suka yi aikin, wasu suka ce motoci ne suka koma wasu tituna. 'Yarsa ta ce wataƙila kowanne da ɗan rabonsa, amma ita ta san abin da take gani a ƙofar gaggawa. Allunan talatin dai suka zauna.

A satin ne Manaja ya zo filin wanki da kansa, yana ɗaga ƙafar wando saboda ruwa. Direbobi sun yi ƙaranci, biyu sun ajiye aiki. Ya miƙo wata takarda da biro.

"Dattijo, abin da ya wuce ya wuce. Motarka tana jiranka. Layi biyu ne kawai, ka ce ka yi nadamar ɓata sunan kamfani a gaban majalisa, ka sa hannu. Don fayil ne, ba wanda zai karanta."

Hawainiya ya rufe tiyon da babban yatsa. Ya yi kewar motar nan kamar me. Ya yi kewar kujerar da ta ɗauki siffar bayansa, da gaisuwar masu shiga da safe, har da masu tsiya. Ya sa tabarau ya karanta takardar daga sama har ƙasa, a hankali, ya mayar masa.

"A cikin abin da na faɗa, wanne ne ƙarya?"

"Ba maganar ƙarya ake ba."

"To in ba ƙarya, nadamar me zan yi? Kai ka ce in zo in faɗi gaskiya, na zo na faɗa. In mota kake so a tuƙa, ga ni, ba ni makulli yanzu. In hannu kake so a sa, nawa a jiƙe yake."

"Za ka ƙare aikinka a nan, ka sani."

"Na sani. Matsa kaɗan, Yallaɓai, zan watsa ruwa."

Manaja ya ja da baya da sauri, ruwan ya wuce ta inda takalmansa suke. A filin wankin Hawainiya ya yi sauran wata goma sha huɗun da suka rage masa. Sau biyu aka sake aiko masa da takardar, sau biyu ta koma ba sa hannu, har ranar da ya miƙa tiyo da takalman roba ya tafi gida.